Kawu da 'Yan A-Yi-Shiru

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Yau kwana arba'in da biyu da Kawu, yayan mahaifiyata, ya amsa kiran Ubangijinsa a ƙauyenmu da ke tsakanin Jahun da Miga. Da hantsin wata Laraba ya cika, a daidai lokacin da gero ya fara fitar da kai. Tsoro ne ya sa na ɗauki alƙalami. Shekaranjiya na so in tuna yadda yake gyaran murya kafin ya yi magana, sai na ji muryar ta yi mini nisa, kamar ta wanda ke kira daga ƙetaren fadama. Na ce gara in rubuta abin da ya rage a hannuna tun bai zube ba.

Tun ba a gama yi masa wanka ba ƙofar gida ta cika. Tsofaffin ɗalibansa sun zo daga Dutse cikin motoci, wasunsu har da furfura, amma da sun ambace shi sai su sassauta murya kamar yana bakin allo. Wani daga cikinsu, babban mutum a ma'aikatar jiha, ya tsaya a zaure yana ba da labarin ranar da Kawu ya ɗora masa ɓawon albasa a ƙarƙashin madubin ɗakin gwaji. Ya ce, "Na leƙa, sai na ga ɗakuna jere kamar ginin bulo. Tun daga ranar ban ƙara yanka albasa ban tuna shi ba." Bai iya ƙarasawa ba, ya rufe fuska da hannun riga.

Wani Bafulatani ya iso daga rugar bayan fadama da ƙwaryar nono, dubiya ya zo, bai san an yi rasuwa ba. Da ya ga makara sai ya ajiye ƙwaryar a gindin bango, ya bi sahu. A cikin gida kuma akwai wasu mata da ban taɓa gani ba, kowace da yaro ko yarinya mai siririn jiki da idanu masu ruwan ɗorawa. Ba su san juna ba, amma sai ga su sun zauna wuri ɗaya. Na ji ɗaya tana cewa, "To yanzu wa zai riƙa tsayawa a ƙofa yana tambayar ko yaron ya sha ruwa?"

Sai aka kawo wata tsohuwa a kan amalanke, Iya mai daddawa, wadda ta daɗe ba ta fita saboda ƙafa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi wa kowa gaisuwa ba. Ta ce a zaunar da ita kusa da kekensa, a can ta wuni. Inna, matar Kawu, ita ma idonta a bushe yake. Abin da kawai ta ce mini da na rungume ta shi ne, "Kawunki ya tafi bai gama karatun nan nasa ba."

Malamin kimiyyar halittu ne, ya koyar a makarantun sakandare shekaru masu yawa, ya yi ritaya ba da daɗewa ba bayan an ƙirƙiro jihar Jigawa. Ya dawo gida ya kama noma, amma noman nasa na daban ne. Sai ka gan shi tsaye a tsakiyar gona, fartanya a kafaɗa, ya ƙura wa ganye ɗaya ido har rana ta take. In ka yi masa sannu sai ya firgita, ya ce, "Dubi nan. Ƙwayar gero ɗaya ce ta fitar da saiwa da kara da ganye. Wa ya gaya wa saiwa kada ta zama ganye?" Mutane sukan yi dariya su wuce. Ba ya jin haushi.

Ba ya wasa da barcin rana. Bayan azahar yakan shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin tsamiyar bayan gida, in ya farka kuma sai ya ba da labarin mafarkinsa ga duk wanda ya samu, ko da akuya ce. Ni Uwata yake ce mini, don sunan mahaifiyarsu aka sa mini. Shi ya sa ni karatun aikin ɗakin gwaje-gwaje na asibiti, kuma da na fara aiki a Dutse, duk ƙarshen wata sai ya hau motar haya ya zo, wai ya ga jini. Yakan zauna a kan doguwar kujera, ya rufe ido ɗaya, ya daɗe yana kallon ƙwayoyin jinin mutanen da bai sani ba ta cikin madubin gwaji, yana murmushi shi kaɗai.

Akwai dalili. Kawu da Inna sun haifi 'ya'ya huɗu, maza biyu lafiyarsu lau, mata biyu kuma da sikila. 'Yar farinsu ta sha wahala ƙwarai. Na girme ta da kaɗan, ina tuna yadda take kwana da wuni tana riƙe da gwiwa, musamman in damina ta faɗi sanyi ya shigo. Dangin miji suka fara maganganu, wai jinin Inna ne ba shi da kyau. Ranar wani suna, mata cike da tsakar gida, wata gwaggo ta sake faɗa. Kawu yana wucewa ya ji. Ya tsaya, ya yi sallama, ya ce, "Gwaggo, ku gafarce ni. Ciwon nan ba ya kama yaro sai uwa ta ba da rabi, uba ya ba da rabi. In za a zagi jini, a fara da nawa, kuma nawa naku ne." Daga ranar ba a sake ba.

Yarinyar ta rasu tana da shekara tara. Ƙanwarta, Auta, ita ma gwaji ya nuna sikila ce, iri ɗaya, babu bambanci a takarda. Amma Auta ta taso tana gudu, tana hawan mangwaro, sai ta shekara ciwon bai kwantar da ita ba. Uwa ɗaya, uba ɗaya, tuwo ɗaya, ciwo ɗaya. Ɗaya tana kabari, ɗaya tana kan bishiya. Wannan ita ce tambayar da ta zauna wa Kawu a ƙirji.

Ya kai Auta Kano aka yi mata wani gwaji mai zurfi. Da ya dawo ya zaunar da ni ya yi mini bayani, ko da yake na san wani abu a kai daga makaranta. Jariri a ciki yana da nasa irin sinadarin jini, wanda sikila ba ta iya lanƙwasawa. Shi ya sa jaririn sikila yake lafiya a watanninsa na farko. Daga baya jiki yakan daina yin wannan, ya koma irin na manya, ciwo kuma ya taso. A jikin Auta, ba a daina gaba ɗaya ba. Akwai ragowar jinin jarirantaka da ke yawo a jikinta har ta girma, shi ke kare ta.

"Uwata," in ji shi, "umarnin yin jinin jariri yana nan a jikin kowa har ya mutu, ba a goge shi ba. Shiru kawai aka sa shi ya yi. To wa ke cewa a yi shiru? Me ya sa aka ce wa na yayarta ya yi shiru, na Auta kuma aka bar shi yana raɗa?"

Na ce ban sani ba. Ya ce shi ma haka.

Daga nan ya fara yawo a keke. Duk ƙauyen da ya ji akwai yaro mai sikila, daga wajen Taura har cikin Miga, sai ya je. Ba ya ba da magani, ba likita ba ne, kuma yakan faɗa. Yana cewa a ba yaro ruwa da yawa, a rufe shi daga sanyi, a sa masa gidan sauro, in zazzaɓi ya zo a kai asibiti kada a jira. Sannan ya zauna ya yi ta tambaya, yaushe ciwon ya fara, sau nawa yake tashi, ya rubuta a wani littafi mai jan bango.

Wannan yawon ne ya haɗa shi da yayansa. Kawu Malam shi ne babba a gidan, mahaddacin Alƙur'ani, mai makarantar allo a unguwarmu, mutum ne mai kaifin harshe. Tun suna samari akushi ɗaya suke ci da rana a zaure. Wata rana ina gida hutu, ni na kai musu abincin, ban kai ga fita ba na ji Kawu Malam yana cewa, "Shekara goma ke nan da rasuwar yarinyar nan. Kowa ya haƙura ban da kai. Kana bin ƙauyuka da littafi kamar mai neman wanda zai kai ƙara. Hukuncin Allah kake tuhuma?"

Kawu ya riga ya sa hannu a tuwo. Ya zare shi a hankali. Ya ce, "Yaya, ban taɓa tambayar me ya sa Ya ɗauke ta ba. Ina tambayar ta yaya ne."

"Duk ɗaya ne a wurin wanda bai yi tawakkali ba."

Kawu ya wanke hannu, ya tashi. Shekara huɗu suna gaisawa a masallaci, suna zuwa jana'iza tare, amma akushin ya rabu biyu. Mahaifiyata ta yi kuka, ta yi roƙo, babu wanda ya sauko. Ba zan ɓoye ba, Kawu yana da riƙo. Mutum ne mai taushi ga kowa, amma in magana ta taɓa shi a wurin nan, ba ya mantawa.

Cikin waɗannan shekarun ne wani tsohon ɗalibinsa da ke koyarwa a jami'a ya fara aiko masa da takardu ta gidan waya, shafukan mujallun kimiyya da aka yi wa fotokwafi, wasu har rubutun ya dishe. Wata Asabar da damina sai ga Kawu a wurin aikina babu sanarwa, rigarsa a jiƙe, ambulan a ƙirji cikin leda. Ya ce in na tashi mu je wani wuri. Muka hau duwatsun da ke bayan gari. Ruwa ya ɗauke, duwatsun suna fitar da tururi, ƙasa kuma itatuwan dabino sun tsaya cikin wani farin hayaƙi kamar ba a ƙasa suke ba. Muka zauna a kan wani faffaɗan dutse mai ɗumi.

Ya ce, "Uwata, akwai wata tsutsa. Ƙanƙanuwa ce, sai da madubi ake ganinta sosai, a cikin ƙasa take rayuwa. Masana a ƙasashen waje sun samu wasu daga cikinta da ba sa girma yadda ya kamata. Jikinsu yana ta maimaita ƙuruciya, in lokacin wucewa gaba ya yi sai ya sake komawa baya. Suka bincika, suka ga abu ɗaya ne ya lalace a cikinsu."

Ya buɗe takardar a kan gwiwa, ya bi da ni sannu a hankali, kamar yadda yake yi wa 'yan aji ɗaya. Kowace ƙwayar halitta a jiki tana ɗauke da littafin gado gaba ɗayansa, ta ido da ta hanta duk littafi ɗaya ne. In jiki yana son a yi wani abu, sai a kwafi saƙo daga shafin da ya dace, a aika da shi inda ake ƙera abin. Wannan duk mun sani. Sabon abu shi ne, an gano wani guntun saƙo, gajere ƙwarai, wanda shi ba ya sa a ƙera komai. Aikinsa ya je ya manne wa wani dogon saƙo, ya hana a yi aiki da shi. A jikin tsutsar nan, shi ne ke zuwa ya ce wa umarnin ƙuruciya ya isa haka. In babu shi, ƙuruciya ba ta ƙarewa.

"Shekara da shekaru ana ganin irin waɗannan guntaye ana zubarwa," in ji shi, "ana cewa tarkace ne. Ashe ɗan aike ne. Ɗan a-yi-shiru."

Na ce, "Kawu, amma tsutsa ce fa. Ba mutum ba."

"Na sani. Su ma masu rubutun ba su ce akwai shi a mutum ba. Kada ki je ki ce na ce." Ya juya yana kallon dabinon. "Amma jinin Auta bai gama barin ƙuruciya ba. Ki bar ni in yi mafarkina."

Kuma ya yi. Bayan 'yan makonni ya ba ni labarin abin da ya gani a ƙarƙashin tsamiya. Wai ya tsinci kansa a cikin wani kogi ja mai ɗumi, yana tafiya ba tare da ya jiƙe ba. Ko'ina muryoyi ne, dubbai, kowace tana karanta nata. Sai ga wasu 'yan mitsi-mitsi cikin fararen riguna suna ratsawa, in sun zo kan wata murya sai su ɗora mata yatsa a leɓe, ta yi shiru, ta kusa da ita kuma ta fito fili. Ya ce ya bi ɗaya daga cikinsu yana son ya tambaye shi hanyar gidan 'yarsa, amma duk sa'ad da ya miƙa hannu sai ɗan mitsitsin ya zame. Da ya farka, ganyen tsamiya ne ke zubo masa a fuska. Yana ba ni labarin yana dariya, idonsa kuma ya kawo ruwa.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a a jihar, gari ya ɗauki wani irin zafi. Akwai murna ta gaskiya, akwai kuma samarin da suka ɗauka an ba su sanda ne. A unguwarmu wani yaro ɗan shekara biyar ya rasu bayan kwana uku yana ihun ciwon ƙashi. Kawu ya san shi, yana cikin littafinsa. Amma wani ya ce an ga Iya mai daddawa ta ba shi ƙuli-ƙuli ana gobe zai kwanta. Iya ba ta da ɗa, ba ta da miji, ita kaɗai take zaune a ƙarshen layi. Kafin Juma'a magana ta gama gari, wai ta kama kurwarsa.

Ina gida a ranar. Ana saukowa daga masallaci muka ji hayaniya. Na leƙa ta katanga na ga samari sun fi ashirin a ƙofar Iya, wasu da duwatsu, suna cewa yanzu zamanin mayu ya wuce, ta fito ta bar gari. Sai ga Kawu ya taho yana tura kekensa. Ya gitta shi a bakin ƙofar, ya tsaya a bayansa. Muryarsa ba ta da ƙarfi, amma na ji shi.

"Yaron nan sikila ce ta kashe shi. Na san shi tun yana goye. Ciwon a jininsa yake tun ranar da aka haife shi, daga uwa da uba, kuma su ma ba laifinsu ba ne. Tsohuwar nan ƙuli-ƙuli ta ba shi don tana sonsa."

Wani ya ce, "Malam, wannan zancen boko ne. Ka matsa."

"Ba zan matsa ba, ɗana."

Dutse ɗaya ya faɗi a kan ƙafar keken. A lokacin ne taron ya dare, Kawu Malam ya shigo da sandarsa, bai ko dubi ƙaninsa ba. Rabin samarin nan a gabansa suka yi karatun allo. Ya bi su da ido ɗaya bayan ɗaya.

"Wa ya gani da idonsa?" in ji shi. "Na ce wa ya ga ta kama kurwa? Ya fito ya rantse. Shari'ar da kuke kira, shaida take nema. Wanda ya jefi baiwar Allah da abin da bai gani ba, shi ne mai laifi a gabanta. Abin da ƙanina ya faɗa gaskiya ne. 'Yarsa da wannan ciwon ta tafi, ni na yi mata salla, kuma bai ce kowa ya cinye ta ba. Ku zubar da duwatsun nan."

Suka zubar. Suka watse kamar waɗanda ruwa ya kora. Kawu ya shiga ya sami Iya a ƙuryar ɗaki ta ƙudundune da buhun kalwa, ya zauna a ƙasa kusa da ita har hankalinta ya kwanta. Daga ranar, duk sati sai ya kai mata itace.

Washegari da rana Kawu Malam ya aiko a ce wa Inna ta zuba abincin a akushi ɗaya. Babu wanda ya ba wani haƙuri. Suka ci, suka sha ruwa. Ina daga soro na biyu ina jinsu. Can Kawu Malam ya ce, "An ce mini tsutsa kake karantawa yanzu." Kawu ya gyara murya, ya fara. Ya fi awa yana bayani. Da ya gama, yayansa ya ce, "A karatu ma akwai harafin da ake rubutawa ba a furtawa, kuma 'yar ƙaramar alama ce a kansa ke gaya maka. Ban ce na gane ba. Amma ban ji saɓo a ciki ba." A wurin Kawu Malam, wannan babbar magana ce.

Takardu suka ci gaba da zuwa. Aka rubuto cewa an sami irin waɗannan guntayen a ƙuda, a kifi, a tsirrai, har a jikin mutum, kuma ba ɗaya ba ne, suna da yawa. Aka raɗa musu suna maikiro-RNA. Ranar da ya karanta wannan, Inna ta ba ni labari, wai ya fita tsakar gida ba takalmi, yana zagaya rijiya yana cewa, "Suna nan, suna nan." Shi dai bai daina ce musu 'yan a-yi-shiru ba. Na tambaye shi ko an ce su ne ke riƙe da jinin jarirai. Ya ce, "Ba a ce ba. Wataƙila su ne, wataƙila wasu ne. Amma yanzu na san irin ƙofar da za a ƙwanƙwasa."

Bara da kaka ya fara ramewa. Idonsa ya canja launi, cikinsa ya ɗaga. Ni na karɓo sakamakon hoton da aka yi masa, na riƙe shi kwana biyu a jaka na kasa kai masa. Da na je, ya dube ni ya ce, "Uwata, ni na koya miki karanta irin wannan. Faɗa mini." Na ce ciwon daji ne a hanta, kuma ya yi nisa. Ya ce, "Alhamdu lillahi," ya tambayi ko na ci abinci.

A cikin takardun ƙarshe da ya samu akwai wadda ta ce an duba masu wani nau'in sankarar jini, an ga wasu daga cikin guntayen nan sun ɓace a jikinsu. Ƙwayoyin da ya kamata a ce musu su dakata ba su sami mai gaya musu ba, sai suka yi ta yaɗuwa. Idonsa ya riga ya gaza, ni nake karanta masa. Ya ɗora tafin hannu a kan cikinsa, ya ce, "Ko nan ma wani ɗan aike ne ya yi ɓatan hanya? Allah Ya sani. Ba na jin haushinsa. Shekara sittin da wani abu yana aiki ban taɓa yi masa sannu ba."

Ana saura kwana uku ya rasu, Auta ta zo daga gidan mijinta da jaririyarta. Kafin aurenta Kawu ya sa na gwada jinin mijin, ba ya ɗauke da komai, don haka yarinyar ta tsira daga ciwon. Da la'asar muka fito da shi inuwa. Auta ta zauna a gefen tabarma, ta daɗe tana wasa da gefen zaninta. Sai ta ce, "Baba, tun ina ƙarama nake son in tambaye ka. Duk yawon nan da ka yi, da karatun nan, don kana ganin da ni ce na tafi yayata ta zauna ne?"

Ban taɓa ganin fuskarsa ta yi haka ba. Ya yunƙura zai tashi, muka riƙe shi.

"Abin da kika ɗauka ke nan? Shekara nawa?"

"Tun ranar da ka kai ni Kano."

Ya kama hannunta da hannuwansa biyu. Ya ce, "Auta, ki yafe mini. Ina ta kallon jininki, ban kalli fuskarki ba. Ba yayarki nake nema a jikinki ba. Abin da ya bar mini ke nake nema, don in gode masa, kuma don a samo wa 'ya'yan mutane irinsa. Ban same shi ba. Amma duk safiyar da na ji muryarki a tsakar gida, sai in ce yau ma an bar mini ita."

Auta ta kifa kai a kan gwiwarsa. Ya ce a miƙo masa jaririyar, aka ɗora masa ita a ƙirji, ya rufe ido yana jin numfashinta. A haka barci ya ɗauke su su biyu, muka zauna muna kore musu ƙuda har aka kira magariba.

Kawu Malam ne ya yi masa wanka, shi ya ja salla, muryarsa ba ta girgiza ba ko sau ɗaya. Mutane suka yi ta yaba ƙarfin zuciyarsa.

Shekaranjiya, bayan an watse daga addu'ar arba'in, ya aiko a kira ni zaure. Na same shi shi kaɗai, da ambulan a hannu. Ya ce daga gidan wayar Jahun aka kawo, sati biyu bayan rasuwa, mai aikowar bai ji labari ba lokacin da ya sa ta. Bai buɗe ba, shi ba ya karanta boko.

"Uwata," ya ce. Bai taɓa kirana haka ba. "Zauna ki karanta mini. Ki juya da Hausa."

Na ce, "Kawu, yana da wuya. Ni ma ba duka nake ganewa ba."

"Karanta dai."

Na fara. Ina karanta layi, ina tsayawa, ina lalubo kalma. Ya jingina da bango, ya rufe ido, carbi a hannu amma ba ya ja. Da na kai tsakiyar shafi na biyu na ce, "Nan kam ban gane ba."

Ya buɗe ido. "Shi ma yakan ce haka?"

"Sau da yawa."

Sai na ga hawaye ya gangaro ya shige cikin farin gemunsa, bai share ba. Ya ce, "Allah Ya jiƙan ƙanina. Allah Ya haskaka masa makwanci, Ya haɗa shi da 'yarsa, Ya sanar da shi abin da ya nema bai samu ba." Na ce amin. Ya gyara zama, ya nuna takardar da haɓa.

"Ci gaba daga inda kika tsaya."